Injin yanka yadi: Abin da ya kamata 'yan kasuwar Agadas su sani kafin su zuba kuɗinsu

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a Agadas ana saura mako biyu Babbar Sallah, ya san inda aiki yake cushewa. Za ka iske kekuna uku ko huɗu a shago guda, kowanne da yaron da ke kansa, amma almakashi ɗaya ne, kuma yana hannun maigida. Shi ne zai auna, ya zana da alli, ya yanka, sannan ya miƙa wa yara su haɗa. Idan ya tafi jana'iza ko zazzaɓi ya kwantar da shi, to kekunan nan duk sai su yi shiru, ga kuma atamfofi da shaddodin jama'a jibge a kan kanta, masu su suna ta sintiri.

Wannan ne ya sa maganar injin yanka yadi take saurin shiga kunnen mutane. Wayar hannu ta ƙara wa abin armashi, domin kusan kowa ya taɓa cin karo da hoton bidiyon wata 'yar na'ura mai kama da akwati, an manna mata ƙyalle, ta ja shi ciki, ta fito da shi a yanke tsaf ba tare da hannun kowa ya taɓa ba. Hajiyar da ke sarin hijabai ko zannuwan gado, wadda ta gaji da alƙawarin tela, idan ta ga haka sai ta fara lissafin kwasar adashinta. To amma kafin a aika kuɗi Kano ko Yamai, ya kamata a san cewa na'urori iri-iri ne ake kira da wannan suna guda, kuma wadda ta fi burgewa a waya ita ce wadda ta fi ƙarancin amfani ga mai ɗinkin sutura.

Bari mu fara da ita ɗin. Waɗanda suka fi suna a wannan aji su ne Cricut da Silhouette na ƙasar Amurka, da kuma ScanNCut na kamfanin Brother na Japan, wanda teloli suka sani ta wajen kekunan ɗinki. Asalinsu an yi su ne don yanka takarda da ledar rubutu ta mannawa. Sai a shekarar 2017 kamfanin Cricut ya fito da samfurin da ya kira Maker, mai 'yar wuƙa zagayayya kamar taya wadda ke iya bin yadi ba tare da ta ja zarensa ba. Yadda take aiki shi ne, ana zana siffar da ake so a kwamfuta ko waya, a shimfiɗa ƙyallen a kan wani faifai mai danƙo, na'urar ta riƙa jan faifan gaba da baya, wuƙar tana bin zanen.

Ga inda gizo ke saƙar. Faifan nan mafi girma faɗinsa inci 12 ne, tsawonsa inci 24, wato kimanin sentimita 30 da sentimita 60. Atamfa kuwa faɗinta ya haura mita ɗaya, shadda ma haka ko fiye. Ke nan ko gaban rigar babbar mace ba zai hau faifan ba, ballantana zani ko kaftani. Sannan falle ɗaya take yanka a lokaci guda. Turawan da ke sayenta yawanci masu ɗinkin sha'awa ne a gida, masu harhaɗa ƙananan ƙyallaye su yi bargo, ko 'yar tsana, ko jakar hannu.

Ba a ce ba ta da amfani ba. Mai yin ado a wuyan riga da furannin ƙyalle, mai ɗinkin hular jarirai, mai buga suna ko lamba a rigunan 'yan ƙwallo da na 'yan makaranta, duk za su iya cin abinci da ita, domin tana fitar da siffa ɗari iri ɗaya ba tare da ɗaya ta fi ɗaya ba. Har matan da ke aikin fata, wanda Agadas ta yi suna a kansa, na iya gwada ta a kan fata mai laushi, tunda Maker tana yanka abin da kaurinsa bai wuce milimita 2.4 ba. Sai dai ni a ganina baƙon da ya zo sayen jakar Abzinawa aikin hannu ya zo nema, kuma ranar da ya gane inji ne ya yanka adon, ranar ce zai fara neman ragi.

Akwai kuma wata matsala da mai talla ba zai faɗa ba. Danƙon faifan nan shi ne ransa, ƙura kuwa ita ce ajalinsa. A garin da iska ke tashi da rairayi har ya shiga cikin kwanon tuwo, faifan da zai yi wa Baturiya watanni ba lalle ya yi wa mutuniyar Agadas makonni ba, kuma ba a tsintarsa a kasuwa kamar allurar keke. Bugu da ƙari, Cricut ba ta motsi sai da manhajar kamfanin, wadda ke bukatar a yi rajista ta intanet. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar da cewa wanda ba ya biyan kuɗin wata-wata ba zai ɗora zanensa fiye da 20 a wata ba. Sai da masu na'urar suka yi ca a kansa sannan ya janye. Darasin da ke ciki ga ɗan kasuwa shi ne, ka sayi abu da kuɗinka amma linzaminsa yana hannun wani a Amurka. Ta wannan fuska ScanNCut ta ɗan fi sauƙi, domin tana da idon ɗaukar hoto a jikinta, za a iya zana abu a takarda ta ɗauka ta yanka ba tare da kwamfuta ba.

Injin da ya dace da teburin tela

Wanda masu ɗinkin sari suke nufi idan sun ce injin yanka, wani abu ne dabam, kuma ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1888 wani mai suna George Eastman ya ƙera shi, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau a birnin Buffalo na Amurka. Ba shi ne Eastman mai kyamarar Kodak ba, suna ne ya zo ɗaya. Yau kamfanonin China da Japan suna yin irinsa birjik.

Iri biyu ne. Akwai mai zagayayyar wuƙa kamar faifan garmaho ƙarami, wanda ake riƙewa da hannu ɗaya a tura shi a kan tebur. Mai wuƙar sentimita 10 yana cin yadin da aka jera har kaurinsa ya kai kimanin sentimita biyu da rabi. Akwai kuma mai miƙaƙƙiyar wuƙa da ke hawa da sauka kamar allurar keke, mai tsawon inci 6 ko 8 ko 10, wanda manyansa ke ratsa tulin yadi mai kaurin sentimita 15 zuwa 20. Na farkon ya fi araha da sauƙin wuta, kuma ya fi kyau a miƙaƙƙen layi, amma idan aka zo lanƙwasa mai tsanani kamar hammata ko wuya, sai fallen sama da na ƙasa su bambanta, saboda bakin wuƙar a zagaye yake, yana isa na sama kafin na ƙasa. Na biyun shi ne ke bin lanƙwasa daidai daga sama har ƙasa. Dukkansu suna da abin wasa wuƙa a jikinsu, ana danna shi lokaci-lokaci ana cikin aiki.

A ƙarƙashin waɗannan akwai almakashi mai batir, wanda ake cajinsa kamar waya. Falle kaɗan yake ci, amma yana hutar da yatsu, kuma tsohon telan da babban yatsansa ya yi kanta saboda shekaru talatin na almakashi ya san darajar wannan. A can sama kuma akwai na manyan masana'antu, tebur mai tsawon ɗaki wanda kwamfuta ke tuƙa wuƙarsa. Wani Ba'amurke haifaffen Ostiriya, Joseph Gerber, shi ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, da dabarar rufe tulin yadin da leda a zuƙe iskar ciki har ya daskare kamar katako kafin wuƙa ta shiga. Kamfanin Lectra na Faransa, wanda aka kafa a 1973, ya bi sahu. Wannan ba maganar shago ba ce, mun ambace shi ne kawai don a san daga inda rigunan kanti masu araha suke fitowa.

To, shin mai zagayayyar wuƙa ko mai miƙaƙƙiya zai biya kuɗinsa a Agadas? Amsar tana ga irin ɗinkin da ake yi.

Sirrin injin gaba ɗaya shi ne jeri. Ana shimfiɗa yadi falle a kan falle, ashirin ko talatin, a ɗora zanen kwali a sama, a yanka sau ɗaya a sami riga ashirin ko talatin. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan rigunan awonsu ɗaya ne. Yawancin aikin telan unguwa kuwa ba haka yake ba. Kowace mace da turminta na yadi shida, da awonta, da samfurin da ta gani a jikin wata a wajen biki. Ba za a jera atamfar Hajiya da ta kishiyarta a yanka tare ba, ko da kuwa sun yarda, wanda ba za su yarda ba. Ko a ɗinkin anko, inda zanen ɗaya ne, jikunan ba ɗaya ba ne. Ga kuma atamfa mai manyan furanni, wadda dole tela ya duba inda furen zai faɗa, kada a raba shi biyu a tsakiyar ƙirji ko a kifa shi ƙasa. Wannan aikin ido ne, falle ɗaya bayan ɗaya.

Suturar maza ta wannan yanki ma ba ta cika bukatar injin ba. Babbar riga da rawani da yalwataccen wando yawancinsu miƙaƙƙun layuka ne. Alashon da Abzinawa ke ji da shi, baƙin turkuɗi mai ƙyalli da aka daɗe ana kawowa daga Kura ta ƙasar Kano, siraran saƙa ne ake jerawa a ɗinke, babu abin da wuƙar lantarki za ta yi a wurin. Shadda mai tsada kuwa, irin Getzner da ake saƙawa a garin Bludenz na Ostiriya, babu telan da ke cikin hankalinsa da zai jera ta mutum goma ya tura mata inji.

Na taɓa kai wa wani tela shadda, ya yanke hannun rigar ya gaza da kusan faɗin tafi. Mun yi cacar baki, ya ba da haƙuri, aka yi wa hannun ƙari da wani ado da ban nema ba, na sa abina. Riga ɗaya ce ta tafi. Da a ce falle talatin ya jera ya yi wannan kuskure, da bandir guda ya hallaka cikin minti biyar, kuma ba na jin haƙuri zai wadatar. Duk wadda za ta ba da yadin sari a yanka mata da inji, ta dage a fara yanka ɗaya da almakashi, a ɗinke, a gwada, sannan a jera sauran.

Inda injin yake da riba shi ne kayan da ake sayarwa da dozin: hijabai, kayan 'yan makaranta, rigunan yara na Sallah, zannuwan gado da rigunan filo, labule, rigunan aiki na leburori da masu gadi. Nan ne ake da awo uku ko huɗu kacal, ƙarami da matsakaici da babba, kuma nan ne 'yar kasuwa take gogayya da kayan da aka ɗinko daga waje. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, teloli a ƙasashe da dama sun ga yadda odar takunkumin fuska dubu take gagarar almakashi.

Ga lissafin da kowace Hajiya za ta iya yi da kanta, da alƙaluman da muka ɗauka don misali kawai. Mu ƙaddara injin da wuƙaƙensa da kuɗin mota sun tashi jika 60. Mu ƙaddara kuma a kowane hijabi ana samun rarar dala ashirin, wato sefa 100, ta fuskar ladan yanka da ragowar yadi. Sai an yanka hijabi 600 kafin injin ya mayar da kuɗinsa. Wadda ke fitar da dozin biyar a mako za ta kai nan cikin mako goma. Wadda ke sayar da biyar a mako kuwa sai ta haura shekara biyu, kafin nan ma wataƙila injin ya fara tari. Kowa ta sa nata farashin a gurbin waɗannan ta gani.

Maganar ragowar yadi ba ƙarama ba ce. A masana'antun sutura kuɗin yadi yakan kai rabin abin da aka kashe a kan riga ko fiye, shi ya sa suke ɓata lokaci wajen jera kwalayen zane kusa da kusa, a cusa hannu a gefen wuya, a cusa aljihu a ratar da ta rage. Idan an tsimi sentimita 5 a falle ɗaya, a jerin falle talatin an tsimi mita ɗaya da rabi. Wannan tsimin daga kwalin yake zuwa da kuma kan mai jerawa. Mai sari da ta sa aka yi mata kwalaye masu kyau na kowane awo ta riga ta ci rabin ribar tun kafin ta sayi inji. Kuma tunda za a san ainihin yadin da kowace riga ke ci, tsohuwar rigimar nan ta ina ragowar ƙyallena za ta ragu, abin da ba kowane tela ne zai yi murna da shi ba.

Wuta, zafi da yatsu

Wutar Agadas tana zuwa ne daga tashar gawayi ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ta fara aiki a 1981, kuma ita ce aka gina don ciyar da ma'adinan Arlit da garuruwan yankin, NIGELEC kuma tana rarrabawa. Mutanen gari ba sa bukatar a ba su labarin yadda wutar ke yi a watannin zafi. Abin lura ga mai sayen inji shi ne, wutar Nijar mai ƙarfin 220 ce, alhali ana yin waɗannan injuna kala biyu, na 110 da na 220. Wanda aka yi don kasuwar Amurka idan aka soka shi a bango kai tsaye, hayaƙi zai yi. A duba ƙarfen da ke manne a jikinsa kafin a biya. Mai miƙaƙƙiyar wuƙa yakan ci wat 500 zuwa sama, kuma yana fizgar wuta sosai a lokacin tashi, don haka ƙaramar sola ta cajin waya da fanka ba za ta ɗauke shi ba. Alherin da ke ciki shi ne yanka ba ya ɗaukar lokaci. Shimfiɗa da jeri su ne ke cin awowi, su kuwa ba sa bukatar wuta. Mai dabara sai ya jera kayansa ya danne, wuta na dawowa ya yanke na mako guda.

Zafi ma yana da nasa. Yadin roba, irin wanda ake yawan yin hijabi da shi, idan wuƙa ta dakushe ta yi zafi sai bakin fallayen ya narke ya manne da juna, a zo rabawa a yage. Maganinsa a rage yawan jeri, a riƙa wasa wuƙar, a kuma sa takarda tsakanin fallaye idan yadin mai santsi ne. Yadi mai talewa kuma a bar shi ya kwana a shimfiɗe kafin a yanka, in ba haka ba zai koma ya tsuke, rigar ta fito ƙarama. Tebur ya zama mai santsi kuma a miƙe, domin injin a kan 'yan tayoyi yake tafiya a ƙarƙashin yadin. A kan tabarma ko teburin da ya bankare ba zai yi ba.

Sai babbar magana. Wuƙar da ke ratsa falle talatin ba ta san bambancin yadi da yatsa ba. A masana'antu mai yanka yana sa safar hannu ta sarƙar ƙarfe a hannun da yake danne yadi da shi. Duk wanda zai sayi inji ya saye ta tare, ya ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na kuɗin injin. Shagunanmu cike suke da yara 'yan koyo, wasu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, ga kuma matan da ke ɗinki a tsakar gida da 'ya'ya suna rarrafe. A zare shi daga wuta duk lokacin da aka ajiye, a sauke murfin wuƙar, kuma kada a bar yaro ya koyi yanka a kansa.

Agadas ba baƙuwar harkar sutura ba ce. A hamadar Tigidit da ke kusa da nan ne Alphadi ya buɗe bikin nuna suturar Afirka na FIMA karo na farko a 1998, kuma duk wanda ya ga adon da ake fitowa da shi a Bianu ko a taron Ingal ya san akwai masu hannu a garin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗinkin sari, wanda har yanzu yawancinsa daga nesa ake loda shi. Nisan kuwa kowa ya ɗanɗana shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya har zuwa watan Maris na 2024, kaya suka yi wuyar samu. Wanda ke iya yanka da ɗinka dozin-dozin a gida yana da abin da zai riƙe kasuwarsa a irin wannan hali, muddin yana da yadin.

Wannan nisan dai shi ne kuma abin tsoro ga injin kansa. Daga Agadas zuwa Damagaram tafiyar fiye da kilomita 400 ce, kafin a ce Kano. Ƙaramin abu kamar gawayin mota ko dutsen wasa wuƙa yana iya ajiye injin wata guda. Saboda haka wadda ta yanke shawarar saye, ta tafi da ƙyallen irin yadin da take sana'a da shi, ta ninka shi goma a gwada a gabanta. Ta haɗo da wuƙaƙe na ajiya, da dutsen wasawa, da gawayin motar, ta kuma tambayi mai gyaran kekunan unguwarsu tun kafin ta tashi ko ya taɓa buɗe irinsa. Idan kuma dozin ɗinta bai kai ba, babu laifi mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a ajiye shi wajen telan da suka amince da shi, kowacce da ranarta, a rubuta a takarda wanda zai biya idan wuƙa ta karye da wanda zai biya idan yadi ya ɓaci.